Shekara Biyu Yayana Yana Ɗaure a Ɗakin Baya: In Fasa Ƙofa Ko In Kai Ƙara?

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 29. Yayana da nake bi yana da shekara 33, kuma shekara bakwai ke nan da ciwo ya fara masa. Ya daina barci, ya riƙa magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa, ana zuba masa guba a abinci. An kai shi wajen masu addu'a da masu magani ba adadi. Sau ɗaya aka kai shi asibiti, aka yi masa allura aka ba shi ƙwayoyi. Kwana biyu da farawa wuyansa ya murɗe, harshe ya zazzago, idanu suka kakkafe. Baba ya ce maganin ne zai kashe shi, aka zubar. Shekara biyu da suka wuce ya ture Umma ta faɗi ta karye a hannu. Tun ranar Baba da Baffa suka sa masa sarƙa a ƙafa, suka kulle shi a ɗakin baya. Ta taga ake miƙa masa abinci, a bokiti yake biyan buƙata. Makon jiya na leƙa ban gane shi ba: ya rame, gashi ya cukurkuɗe, idon sawunsa ya zama gyambo. Ya kira sunana ya ce, "Ki ce wa Baba na daina." Baba ya ce in an sake shi zai kashe wani, kuma in magana ta fita ƙannenmu mata biyu ba za su auru ba. Umma kuka kawai take yi. Mijina ya ce in kai ƙara. Ina tsoron tona asirin gidanmu da fushin mahaifi, ina kuma tsoron ranar da Allah zai tambaye ni. Me zan yi?

Daga ƙanwar mai jinya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Yayanku lafiya, ya sassauta wa gidanku. Kafin mu zo kan Baba da batun ƙara, bari mu fara da jikin Yaya, domin gyambon nan da ramar da kika gani ba za su jira a gama shawara ba.

Ki koma gidan gobe ko jibi, ki roƙi a buɗe miki ƙofa ko da Baffa zai tsaya a bakinta, ki dube shi da kyau. Ki taɓa ƙafar da ke cikin sarƙar. In ta kumbura, ta yi sanyi, ta fara baƙi, ko ya ce ba ya jin ta, jini ne ba ya gudana. Ki duba ko gyambon yana fitar da mugunya da wari, ko jikinsa da zazzaɓi. Ki tambayi Umma yaushe rabonsa da ci da sha sosai, ko yana tarin da ya wuce mako biyu, ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, ko yakan sandare wuri ɗaya na sa'o'i ba magana ba motsi. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura ta wajen sha-raɓa, ga ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, mai yiwuwa gudan jini ne da rashin motsi ke haifarwa, kuma yana kisa farat ɗaya. In haƙoransa sun fara sarƙewa, bakin ba ya buɗuwa sosai, ana tsoron tetanus ta shiga ta raunin. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, a ranar za a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, Baba ya yarda ko bai yarda ba. A nan ba maganar biyayya ake yi ba, maganar rai ce.

In ba ki ga ko ɗaya ba, kina da 'yan kwanaki na shiri, kuma a cikinsu akwai abin da za a yi tun yau. A cire ƙarfen daga ƙafar mai ciwo. A tafasa ruwa, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, in ya huce a wanke gyambon da shi safe da yamma, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a barbaɗa toka, ko garin magani, ko a fasa kafso a zuba. A riƙa zubar da bokitin nan sau biyu a rana, a bar masa ruwan sha kullum a kusa, a buɗe taga. Wannan ba amincewa da kullen ba ne, rage cuta ne kafin ya fito. Ki kuma kiyaye da tausayin da zai sa a tara masa abinci lokaci guda. Jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka cika shi kwatsam, sinadaran jini irin su fosfet da fotasiyam sukan faɗi ƙasa, har zuciya ta rikice. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, in kuma ramar ta yi tsanani likita ne zai tsara cin.

Yanzu ga ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: abin da ake yi wa Yaya zalunci ne, ko da masu yin ba da nufin zalunci suka fara ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Mandela, sun haramta sarƙa da mari, sun kuma haramta a kaɗaice mutum fiye da kwana 15 a jere. Wannan har ga wanda kotu ta kama da laifi ke nan. Yayanku bai ga alƙali ba, ya yi shekara biyu. Kuma ki saurari maganarsa da kyau: "na daina." Shi a wajensa horo ake yi masa kan laifin da ya aikata. Alhali hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda Allah bai rubuta wa zunubin turewar nan ba, mu ba mu da hurumin hukunta shi a kanta.

Bayan haka, kullen ba ya ma aikin da ake so ya yi. Kaɗaici da duhu da rashin abokin magana suna ƙara muryoyin da yake ji, kuma mutumin da yake zargin ana son cutar da shi, in aka ɗaure shi an tabbatar masa da zargin. Tsoka tana narkewa, gaɓoɓi suna ƙagewa, ƙashi yana rauni saboda rashin rana. Kamar a ɗaure mai zazzaɓi ne don ya daina rawar ɗari: rawar ba za ta tsaya ba, zazzaɓin kuma yana ci.

Amma kada wannan ya sa ki je wa Baba da fuskar mai tuhuma. Mutum ne da ya ga matarsa a ƙasa da karyayyen hannu, ya ga ɗansa ya murɗe bayan maganin asibiti, ya zagaya masu magani har ya gaji, ba wanda ya nuna masa hanya ta uku. Ba shi kaɗai ba ne. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya gano ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren addu'a da cibiyoyi, kuma babban dalilin shi ne tsoro da kunya da rashin wurin magani a kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da biyu cikin uku na masu irin wannan ciwo ba sa samun kulawar ƙwararru. Tsoronsa kuma yana da tushe. Mafi yawan masu ciwon ba sa dukan kowa, sun ma fi zama waɗanda ake cuta. Sai dai haɗarin yana ƙaruwa idan abu uku suka taru: ba a shan magani, ana shaye-shaye, an kuma taɓa kai hannu a baya. Yaya yana da biyu daga ciki a ƙalla. Saboda haka ba zan ce ki fasa ƙofa ki sake shi haka kawai ba. In kika yi, ya fita da ciwonsa, ya ture wani ko ya ɓace, sarƙar da za a mayar masa sai ta fi ta farko nauyi, ke kuma bakinki ya mutu a gidan. Fita da magani tare za su zo.

Murɗewar wuyan nan ita ce ta rufe wa Yaya ƙofar asibiti, don haka ki fahimce ta sosai, ke za ki bayyana wa Baba. Abin da kika kwatanta, wuya ya karkace, harshe ya fito, ido ya yi sama, cikin kwanakin farko na magani, sanannen abu ne ga duk mai aikin nan. Ƙagewar tsoka ce da tsofaffin magunguna irin su haloperidol da fluphenazine suke jawowa, ta fi kama samari maza, kuma yawanci cikin kwana biyar na farko take zuwa. Tana da ban tsoro da zafi, amma akwai allurar da take kwance ta cikin mintuna, sannan ƙwayar trihexyphenidyl, wadda aka fi sani da Artane, tana hana ta dawowa. Ba alamar ciwon ya ƙi magani ba ce, ba kuma alamar wani abu ya yi fushi a jikinsa ba. Kuskuren da aka yi shi ne ba a gargaɗe ku ba, ku kuma ba ku koma ba. Yanzu likita in ya ji wannan tarihin zai iya zaɓar risperidone ko olanzapine, ya fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa. Su ma da nasu: olanzapine yana sa ƙiba da yawan barci, yana iya taɓa suga, don haka ake auna nauyi da jini lokaci-lokaci. Abu ɗaya ne a illolin da ba a jira da shi ko awa guda: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki duka, gumi da ruɗewa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya zo a tsayar da maganin a tafi asibiti.

Ki kuma san lokutan, don kada a sake yanke ƙauna da wuri. Barci da natsuwa sukan fara dawowa cikin 'yan kwanaki. Muryoyi da zargi sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin su lafa. Ba a cewa magani bai yi ba sai an sha shi daidai mako huɗu zuwa shida. In iri biyu suka gaza a jere, akwai clozapine, wanda yake buƙatar gwajin jini a kai a kai. Ga wanda shan ƙwaya kullum yake yi wa wuya, akwai allura mai daɗewa a jiki, ta mako biyu zuwa huɗu gwargwadon irinta.

Ba zan sa wa ciwon suna daga wasiƙa ba. Bayaninki ya yi kama da sikizofireniya, wato taɓin hankali mai sa jin muryoyi da zargi, wadda take kama kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya kuma ta fi farawa a shekarun da ta fara masa. Amma farfaɗiya, shan wiwi ko ƙwayoyi, ciwon da ke juyawa tsakanin zaƙewa da matsananciyar damuwa, buguwa a kai, ciwon maƙoƙo da ƙanjamau duk suna iya fitowa da wannan kama, kowanne da maganinsa daban. Shi ya sa matakinki na farko shi ne ki je wajen likitan ƙwaƙwalwa ke kaɗai ko da mijinki, ba tare da Yaya ba. In babu a kusa, babban asibiti ko nas mai horon wannan fanni ya isa a fara. Ki tafi da takarda shafi ɗaya: shekarar da ya fara, yadda barcinsa yake, irin maganganunsa, ko ya taɓa shaye-shaye, ko akwai mai irinsa a dangi, sunan maganin farko in akwai kwali ko kati, da kowane karo da ya kai hannu, wa ya taɓa, me ya faru kafin nan. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Ki tambayi Umma me ake yi lokacin da ya ture ta. Sau da yawa za a tarar tare masa hanya aka yi, ko ana tilasta masa cin abin da yake zargin guba ce. Ki faɗa wa likitan gaskiya cewa a ɗaure yake shekara biyu, ki tambaya ko ma'aikacinsu zai iya zuwa gida ya duba shi, ko akwai gado, ko akwai jami'in walwalar jama'a da zai taya ki magana da iyaye.

Sai kin dawo da amsa a hannu za ki zauna da Baba. Ku kaɗai, ba gaban ƙanne ko baƙi ba, ba kuma lokacin da Yaya yake ihu ba. Ki fara da wahalarsa: "Baba, na san ba ka barci saboda Yaya, na san abin da ya faru da Umma ne ya sa ka yi haka." Sannan ki ce kin je kin tambaya, ga abin da aka ce game da wuyan nan. Kada ki nemi ya amsa cewa ya yi kuskure, ba ki buƙatar hakan. Ki nemi abu ƙarami mai iyaka: a ba asibiti wata uku. Uba yakan iya yarda da gwaji inda ba zai yarda an kayar da shi ba. In kin san maganarki ba za ta yi nauyi ba, ki nemo wanda yake jin kunyarsa, yayansa ko amininsa ko malamin da yake girmamawa, ki fara fahimtar da shi a gefe. Baffa ma kada ki tsallake shi. Wanda ya taya ɗaurewa in aka ba shi matsayi a kwancewa, yakan zama mai taimako maimakon mai hanawa.

Kada ki shiga gardamar aljani ne ko ciwo ne. Ba za ki ci ba, kuma ba ta zama dole ba. A ci gaba da addu'a da karatu, a haɗa da magani. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda aka yi a Ibadan da Kumasi, ya nuna marasa lafiyar da masu maganin gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti a kansu sun fi samun sauƙi. Iyakar ita ce kowane irin taimako ba duka, ba turare mai shaƙe numfashi, ba hana abinci, ba ɗauri, ba kuma cewa a ajiye ƙwaya.

Batun auren ƙanne kuwa, ki faɗa masa adadin yadda yake: ko da sikizofireniya ce, cikin 'yan'uwa goma na mai ciwon kusan tara ba sa kamuwa. Kuma maƙwabta sun daɗe da jin ƙarar sarƙa. Gidan da aka ce suna da marar lafiya yana shan magani ya fi sauƙin nema wa aure a kan gidan da aka ce an tsinci gawa a ɗakin baya.

Umma tana tsakanin tsoro biyu, tsoron ɗanta da tsoron rasa shi, kuma mai yiwuwa tana ɗora wa kanta laifin cewa saboda ita aka ɗaure shi. Ki tabbatar mata ba za a bar ta ita kaɗai da shi ba a watannin farko, kuma ba ita za ta riƙa ba shi magani ba. In ta sami wannan tabbacin, ita ce za ta fi kowa taya ki lallashin Baba.

Shi kuma Yaya, kada a shirya komai a kansa kamar kaya. Ya gane ki, ya kira sunanki, ya aiko ki da saƙo. Wannan babban abu ne. Ki riƙa zama kusa da shi minti goma ko sha biyar duk zuwa, ki yi magana a hankali da gajerun jimloli. In ya ce ana kiransa, kada ki ce ƙarya ne, kada kuma ki ce kin ji. Ki ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka." Ki faɗa masa gaskiya cewa kina son kai shi a duba ƙafarsa da rashin barcinsa, ki tambaye shi wa yake so ya raka shi. Kada a yaudare shi da cewa unguwa za a je, kada kuma a ɓoye magani a abinci. Mutumin da yake zargin guba, ranar da ya gano sai ya daina cin abincin gidan gaba ɗaya. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma kusan biyar cikin 100 na masu wannan ciwo ta haka suke rasa ransu.

Ranar fita, a zaɓi safiya. Mutum biyu ko uku da ya yarda da su sun isa, a sallami 'yan kallo da yara. Ya yi wanka, ya sa tufafi masu tsabta, a yi masa aski in ya yarda. In kwaɗon ya yi tsatsa a nemo almakashin yanka ƙarfe, a cusa tsumma tsakanin ƙarfe da fata kafin a yanka. Ku sa ran ƙafafunsa ba za su ɗauke shi ba, haske kuma zai dame shi, don haka a tallafe shi ya zauna tukuna kafin ya miƙe. A mota ya zauna baya tsakanin mutum biyu, a kulle ƙofofi, ba igiya. In ya harzuƙa, mutum ɗaya ne zai yi magana, da murya ƙasa-ƙasa, a ja baya kamar taku biyu, in a ɗaki ne a bar masa hanyar ƙofa a buɗe, a ba shi zaɓi: "Ruwa za ka sha tukuna ko mu ɗan zauna?" In ta kai dole a riƙe shi, a riƙe hannuwa da ƙafafu na ɗan lokaci yana kallon sama ko a gefe. Kada a kifa shi, kada kowa ya hau bayansa ko ƙirjinsa ko ya shaƙe wuyansa. Ta haka mutane suke mutuwa a hannun masu son su, numfashi ya tsaya ana zaton ya natsu ne.

Duk inda za a kwantar da shi, asibiti ne ko wata cibiya, ki shiga da ƙafarki ki ga wurin kwana. Ki tambaya ko akwai likita mai zuwa, ko za ki iya ziyara ba tare da sanarwa ba, ki kuma kalli idon sawun mutanen da ke ciki. Wurin da ya hana ki gani, ko ya ce sai bayan wata shida za a ga marar lafiya, kada ki bar shi a can.

Aiki mafi wuya yana bayan sallama. Indunisiya ta haramta ɗaure masu taɓin hankali tun 1977, amma har yau ana samu, domin ana kwance mutum a kai shi asibiti, ya dawo gida magani ya yanke, ciwo ya tashi, sarƙa ta koma. A Sin kuwa, ƙarƙashin shirin da suka fara a 2004, an bi sawun mutane sama da 250 da aka kwance a gidajensu aka ci gaba da ba su magani da bibiya, aka tarar sama da tara cikin goma ba a sake ɗaure su ba bayan shekaru. Bambancin bibiya ce. Saboda haka tun kafin ya dawo ku zauna ku raba aiki da suna: wane ne mai riƙe magani ya ba shi a lokaci ɗaya kullum, wane ne mai raka shi asibiti, su wa za su haɗa kuɗi kowane wata. A sayi sabo saura mako guda tsohon ya ƙare. Babban tarkon shi ne ranar da ya warware kowa ya ce ai ya warke, a daina. Mafi yawan waɗanda suka daina ciwon yana dawo musu cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma mai ciwon shekara bakwai zai daɗe yana sha. Likita ne kaɗai zai rage, a hankali. A kulle maganin ƙwari da wuƙaƙe da tarin ƙwayoyi. Kowa a gidan ya san alamomin dawowa: kwana biyu ko uku ba barci, janyewa ɗaki, ƙin abinci, zargi. A ranar za a kira asibiti, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Yanayin gida ma magani ne ko cuta. Tun binciken George Brown da abokan aikinsa a Landan a shekarun 1960 aka san cewa marar lafiyar da ya koma gidan da ake yawan kushe shi, ko ake maƙale masa ba a barinsa ya numfasa, ya fi saurin sake kamuwa. Kada a riƙa tuna masa hannun Umma. Kasala da rashin son wanka da ƙarancin magana sukan daɗe bayan muryoyi sun tafi, ɓangaren ciwon ne, ba lalaci ba. A ba shi ƙaramin aiki ɗaya kullum, ya ci abinci cikin mutane, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan don ƙafa ta dawo. Kada ya koma ɗakin baya ko da an share shi. Wata rana zai iya yin fushi kan abin da aka yi masa, wannan fushin ba ciwo ba ne, a saurare shi a ba shi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙalla ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya suna warkewa sarai, da yawa daga sauran kuma suna rayuwa cikin iyali da magani.

In kika yi duk wannan Baba ya kafe, ki sa wa kanki wa'adi, kada ya wuce mako biyu, ki kuma faɗa masa cikin ladabi cewa za ki nemi taimakon hukuma don ba za ki iya kallon Yaya ya mutu ba. Ki fara da ofishin walwalar jama'a, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko jami'in asibitin da kika riga kika gani, ki ce magani kike nema wa ɗan'uwanki, ba ɗaurin mahaifinki ba. Ki sani dai in magana ta shiga hannun hukuma ba ke za ki juya ta ba, domin tsare mutum haka laifi ne a dokokin ƙasashe da dama. 'Yan sanda su zama na ƙarshe, kuma tare da ma'aikacin lafiya, don kada a fitar da shi daga ɗaki a kai shi sel. Hoton gyambon ki ɗauka don likita da hukuma kawai. Kada ki sa shi a Facebook ko WhatsApp, mutuncin Yaya ne zai tafi, kuma in ya warke shi zai rayu da hoton. Hana mahaifi ci gaba da zalunci ba saɓa masa ba ne, taimakonsa ne, ko da zai yi fushi na wani lokaci.

Mijinki ki gode masa, ki nemi ya mayar da zafinsa kan rakiya da mota da tsayawa kusa da ke gaban Baba. Kada tausayi ya sa ki ɗauko Yaya zuwa gidanki kafin magani ya kama shi, balle in akwai ƙananan yara. Kada kuma ki ɗauki jinyar ke kaɗai, mai jinya ɗaya tilo yakan gaji cikin 'yan watanni, kuma gajiya ce ta kai gidanku inda yake yau. Ki sa ƙannenku da 'ya'yan Baffa a cikin rabon aikin tun zaman farko, a rubuta a takarda kowa ya riƙe kwafi. Allah ya ba shi lafiya, ya tausasa zuciyar Baba.